Bakaniken da Ya Ɗaure Allurar Zafi

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, bakanike ne. Ba zan kama sunansa ba, domin yana nan da ransa, kuma yana da 'ya'ya. Mutanen unguwarsu Nan-take suke kiransa, saboda duk matsalar da ka kai masa, kafin ka rufe baki ya ce, "Nan take!" Ku gyara zama. Kai da ka jingina da bango can baya kana lumshe ido, labarin mota ne zan bayar, amma ko keke ba ka da shi, da kai nake.

Garejin da yake aiki ba shi ya kafa ba, na ubansa ne. Rumfar kwano ce a bakin titi, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, da wani tsohon kabad na ƙarfe inda ake ajiye sifanu, da allo a sama mai ɗauke da sunan uban, fentinsa duk ya koɗe. Uban ya rasu ya bar masa waɗannan. Ya kuma bar masa abin da ya fi su duka daraja, wato yardar mutane. Mace za ta aiko da makullin motarta ba tare da ta zo ba. Matafiyi zai ajiye mota ya tafi, bai tambayi me za a canza ba. Shekara talatin uban ya yi yana tara yardar nan, ita ce abincin gidan, ita ce kuma abin da ɗan ya yi wasa da shi.

Kada wani ya ce rashin sani ne ya kai shi. Ya san aiki. Ubansa ya koya masa ciwon zafin inji dalla-dalla, kamar yadda ake koya wa mutum karatu. Ya nuna masa cewa hitar da ke ɗumama cikin mota ba wuta take hurawa ba. Wani ɗan ƙaramin lagireto ne a ɓoye a gaban direba, ruwan zafi ke zuwar masa daga inji, fanka ta busa iska ta kansa, ɗumi ya shigo. Saboda haka in ka ga allurar zafi tana hawa, hita kuma tana ba ka iska mai sanyi, to ruwa ya yi ƙasa, bai kai ga hitar ba. Sai ka nemi inda ruwan yake tafiya. Ka duba tiyo, ka duba famfon ruwa, ka duba fanka ko tana juyawa, ka leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo. In ƙasa a bushe take, ruwa kuma kullum raguwa yake yi, to cikin inji yake shiga, gasket, wato 'yar shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Alamarsa ba ta ɓuya: farin hayaƙi a salansa mai ɗan ƙanshin zaƙi, kumfa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara.

Akwai kuma doka ɗaya da uban bai taɓa gajiya da maimaitawa ba. Yana da tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, yakan naɗe hannun riga ya nuna wa ɗansa ya ce, "Kafin ka taɓa murfin lagireto, matsa tiyon sama. In ka ji shi da tauri kamar itace, cire hannunka ka je ka zauna." Ku riƙe maganar nan, za mu dawo kanta.

Da uban ya kwanta dama, sai ɗan ya fara ganin tsofaffin motoci kamar kaya aka ɗora masa. Idonsa ya koma kan sababbin motocin manya, waɗanda za ka juye mai, ka goge nan ka goge can, a kira ka injiniya. Aikin gasket kuwa kwana biyu cur yake ci. Sai ka kwance rabin inji, ka ɗauki kan ka kai a goge shi, ka dawo ka ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya bisa tsari, bayanka ya ƙage, farcenka ya yi baƙi. Wanda ake kira Nan-take ina zai iya wannan haƙurin?

Sai shaiɗan ya buɗe masa wata ƙofa. Akwai wata 'yar waya da ke tasowa daga jikin inji zuwa allurar zafi, ita ce ke kai wa direba labari. Ya gano cewa in ya cire wayar nan daga inji, ya haɗa ta da wani ɗan mitsitsin abu da ake cirowa daga matacciyar rediyo, bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya naɗe da baƙin salatif, to allura za ta tsaya cak a tsakiya. Inji ya yi sanyi, tana tsakiya. Inji ya tafasa, tana tsakiya. Sai ya cika lagireto da ruwa, ya zuba wani garin toshe yoyo da ake sayarwa a ƙullin leda, ya miƙa makulli. Har suna ya raɗa wa abin, wai ɗaure allura. Minti goma ya gama aikin kwana biyu.

Ya 'yan uwa, ku gaya mini, wannan gyara ne? Mutum ya zo maka da zazzaɓi, ka fasa ma'aunin zafi, ka ce masa ya warke? Wallahi ɓarawon da ya haura katanga ya fi shi mutunci, domin shi ɓarawo bai ce maka taimakonka ya zo yi ba.

To a unguwar akwai wani dattijo, mai gyaran agogo, aminin marigayi uban. Kowa Baba Mai-agogo yake ce masa. Matarsa kuwa, wadda Nan-take ke kira Mama, ita ta goya shi a bayanta wata shida lokacin da uwarsa ta kwanta jinya yana jariri. Yanzu Mama ta tsufa, ciwon ƙoda ya kama ta. Sau biyu a mako dole a kai ta babban asibiti wankin ƙoda, tafiyar awa ɗaya da rabi, a kan hanyar da ke hawan tudu, kuma da sassafe suke tashi don su kama layi. Abin hawansu wata tsohuwar mota ce da ta haura shekara ashirin, amma dattijon yana lallaɓa ta kamar agogon aljihu. Lokacin sanyi ya shigo. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san yadda sanyi ke shiga ƙashinsu.

Ranar wata Litinin dattijon ya shigo gareji, Mama na zaune a kujerar baya. Ya ce, "Ɗana, abu biyu ne. In muka fara hawan tudu allura sai ta nufi ja. Hita kuma ta daina ɗumi, Mamanka tana karkarwa har mu isa."

Mama ta sauke gilashi ta ce, "Ɗan nan, ka rame. Matarka ba ta ba ka abinci ne?" Ya durƙusa ya gaishe ta, suka yi dariya.

Minti biyar bai yi ba ya gane ciwon. Ya leƙa ƙarƙashi, ƙasa a bushe. Ya tayar da inji, ya ga kumfa a bakin lagireto. Ya zaro sandar mai, ya ga shayi da madara. A ranar dai gaskiya ya faɗa, ya ce gasket ne, aikin kwana biyu ne. Dattijon bai yi gardama ba. Ya je da ƙafarsa ya sayo sabon gasket, ya kawo a cikin ledarsa, da wata 'yar takarda ɗaure da zare a jiki, irin wadda yake rataya wa kowane agogon da aka kawo masa gyara. Ya ba da hakkin aiki tun kafin a fara, ya ce ran Laraba zai dawo, domin Alhamis ranar asibiti ce.

Dattijon bai daɗe da fita ba sai ga wani ɗan kwangila da sababbin motoci uku, yana son a duba su cikin gaggawa. Nan-take ya ce, "Nan take, ranka ya daɗe!" Ya tura tsohuwar motar gefe. Litinin ta wuce. Talata ta wuce. Laraba da hantsi ya tuna. Ya tsaya yana kallon motar, yana kallon gasket ɗin. Abin da ya kamata ya yi bai fi kalma biyar ba: "Baba, ban samu lokaci ba." Da dattijon ya nemi wata mota ta kai su, ko ya kai aikin wani wuri. Amma ina! Wanda ake kira Nan-take ya ce bai gama ba? Girman kai ya hana shi.

Ya ɗaure allura. Ya cika ruwa, ya zazzage garin toshe yoyo. Ya ɗebo fetur ya wanke saman injin tas, don ya yi kama da wanda aka kwance. Sabon gasket ɗin kuma ya cusa shi bayan kabad ɗin ubansa.

Motar matar da ta goya shi! Na sha jin ha'inci a duniyar nan, amma duk sanda na zo wurin nan a labarin sai na ji jinina ya tafasa.

Makon farko komai ya tafi daidai, tunda ruwa a cike yake. Hita ta yi ɗumi. Mama ta aiko masa da saƙon addu'a, wai Allah ya yi wa ɗanta albarka, yanzu har barci take yi a hanya. Ya karɓi addu'ar ya ce amin, ko kunya bai ji ba.

A mako na biyu ruwa ya ci gaba da sulalewa cikin inji kamar yadda ya saba. Garin da ya zuba kuma ya je ya toshe 'yan ƙananan hanyoyin hitar. Dattijon ya dawo ya ce, "Ɗana, hita ta koma sanyi."

Nan-take ya san abin da wannan ke nufi. Ubansa ya gaya masa, ya kuma gani da idonsa sau ɗari. Tunda ya rufe bakin allura, hitar nan ita kaɗai ta rage da za ta faɗi gaskiya, kuma ga ta tana faɗa. Sai ya yi murmushi, ya buga bonet da tafin hannu ya ce, "Haba Baba, motar nan ta girme ni a aiki. Hitar ce ta tsufa. Ka saya wa Mama bargo mai kauri, shi ke nan." Ya sa dattijon ya zauna a inuwa, ya faki idonsa ya ƙara ruwa.

Dattijon ya je ya sayi bargo, wani mai ruwan toka. Tun daga ranar Mama a cikinsa take tafiya, ta naɗe har kai, iskar tudu tana shigowa ta kowace kafa ta tsohuwar mota. Ta fara tari.

Bayan kwana goma ya sake dawowa. Wannan karon a tsaye ya yi maganar, bai zauna ba. Ya ce, "Ɗana, akwai abin da ke damuna. Da can in na murɗa makulli da safe, allurar nan a ƙasa take kwana, sai mun yi tafiya take hawa a hankali. Yanzu ina murɗawa sai ta yi tsalle ta tsaya a tsakiya. Mu hau tudu, tana nan. Mu gangara, tana nan. Shekara arba'in na yi ina gyaran agogo. Hannun da ba ya motsi ba lafiya ce da shi ba. Ga kuma farin hayaƙi a baya."

Kun ji dattijo? Bai san inji ba, amma ya san allura. Allah ya kawo wa Nan-take dama ta biyu har cikin rumfarsa. Me ya yi da ita? Dariya ya yi. Ya ce, "Baba, mota ba agogo ba ce. Sabon gasket haka yake, ya daidaita zafin ne. Hayaƙi kuwa, lokacin sanyi ne, kowace mota tana yi." Da ya ga dattijon bai gamsu ba, sai ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Wallahi tallahi da hannuna na sa gasket ɗin nan."

Ya jawo sunan Allah ya rufe ƙarya da shi, kamar yadda ya naɗe wayar nan da salatif. Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce, "Tunda ka rantse, magana ta ƙare. Ka yafe mini zargi." Ku ji fa, wanda aka zalunta shi ke neman gafara!

Ba zan ce zuciyarsa ba ta taɓa motsawa ba. Da yamma, yana mayar da sifanu kabad, ya hango zaren 'yar takardar nan ya leƙo daga baya. Gabansa ya faɗi. Ya ce a ransa, gobe zan je in karɓo motar, in ce zan ƙara dubawa, in yi aikin ba wanda ya sani. Ya tura zaren da ƙafa ya koma ciki. Gobe ta zo da wata sabuwar mota. Jibi ma haka.

Ranar wata Alhamis, rana ta ɗan ɗaga, wayarsa ta yi ƙara. Dattijon ne. Ya ce mota ta rasa ƙarfi a tsakiyar hawan tudu, ta yi ƙwanƙwasa, ta mutu. Mama na ciki, lokacin asibiti yana wucewa. Nan-take ya hau babur, yana tafe yana tsaki, wai tsofaffin nan sun hana shi sakat.

Da ya isa, ya tarar ba dattijon kaɗai ba ne. Wani direban babbar mota ya tsaya taimako, ya ɗaga bonet. Wasu matafiya su biyar ko shida sun sauko daga wata bas suna kallo. Mama tana kujerar baya, gilashi a rufe, a naɗe cikin bargo, bonet ɗin da aka ɗaga ya tare mata gani, ba ta jin abin da ake faɗa. Direban kuwa yana riƙe da wata 'yar waya, ya warware baƙin salatif, ɗan mitsitsin abin nan yana reto.

Direban ya ce, "Kai ne bakaniken? To zo ka gani. Wani mara tsoron Allah ya ɗaure wa tsohon nan allura. Injin nan tafasa yake yi. Ka ji yadda yake ƙara."

Dattijon ya juyo. Kallon Nan-take kawai yake yi.

Nan-take ya dubi mutanen da ke tsaye. A cikin matafiyan akwai wanda ya san shi, akwai wanda yake kai masa mota. Sai ya ɗaure fuska, ya ɗaga murya ya ce, "Kai direba ne ko bakanike? Wayar fitila ce wannan. Je ka duba allura, tana tsakiya. Motar nan ba ta da zafi, mai ne ya toshe."

Direban ya ce, "In ba ta da zafi, taɓa ka ji. Amma don Allah kada ka buɗe murfin nan."

Hannun Nan-take ya kai kan tiyon sama da kansa, domin hannu ba ya manta abin da aka koya masa. Ya matsa. Kamar itace. Ya ji ruwa yana ɓararraka a ciki. Ya tuna tabon da ke hannun ubansa, ya tuna maganar: cire hannunka ka je ka zauna.

Ya 'yan uwa, ga mutum a tsaye tsakanin abu biyu. In ya cire hannu, ya yarda injin na da zafi. In injin na da zafi, allura ƙarya take yi. In allura ƙarya take yi, wa ya koya mata? Dama ta uku ke nan, kuma ita ce ta ƙarshe. Abin da ya rage masa shi ne ya durƙusa a gaban aminin ubansa ya ce, "Baba, na cuce ka." Zai sha kunya, za a zage shi, amma zai koma gida da idonsa biyu. Sai ya yi wani lissafi a ransa, wai motar ta yi minti ashirin a kashe, ruwan da ya rage kaɗan ne, zai ɗan murɗa a hankali iska ta fita, ya nuna musu babu komai. Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa jama'a ƙarya, ranar nan kansa ya yi wa.

Ya ce, "Ku matsa ku ga aiki." Ko tsumma bai nema ba, don kada a ce yana tsoro. Ya sunkuya a kan lagireto, ya murɗa murfin.

Murfin ya ƙwace daga hannunsa ya yi sama. Tururi da tafasasshen ruwa suka taso masa a fuska. Ba ruwa ne zalla ba, ya gauraye da garin nan da ya zuba da hannunsa, ya yi kauri kamar ruwan laka, inda ya sauka sai ya manne. Ihun da ya yi, direban ya ce har yau yana jin sa a kunnensa. Ya faɗi a gefen titi yana birgima, hannunsa na dama a kan idonsa.

Aka kwarara masa duk ruwan shan da ke cikin bas. Direban ya ce a sa shi a gaban babbar motarsa, a sa Mama ma, tunda asibiti ɗaya za su. Dattijon ya riƙo matarsa suka hau. Suna cikin tafiya sai jikin Nan-take ya ɗauki rawa, domin wanda ya ƙone sanyi yake ji. Haƙoransa suna haɗuwa, yana cewa, "Ku kunna hita, don Allah ku kunna hita." Direban ya ce tasa motar ba ta da ita.

Sai Mama ta warware bargon daga jikinta, tana tari, ta miƙa wa mijinta ta ce, "Rufa masa. Ɗan nan sanyi yake ji. Saboda mu ya fito."

Bargon da ya ce a saya mata, don ya huta da gyaran hita, shi aka rufa masa. Ita kuwa ta ƙarasa tafiyar da mayafinta kawai.

An yi mata wankin ƙoda a makare. Tarin da ta kwasa a makonnin nan ya riga ya sauka a ƙirji, likitoci suka ce ciwon huhu ne. Bayan mako uku Allah ya karɓi abarsa. Ban ce wani ne ya kashe ta ba, ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya. Amma akwai ranar da za a tambayi kowa abin da hannunsa ya yi, kuma sanyin da baiwar Allah nan ta sha a kujerar baya, safiya bayan safiya, yana rubuce.

Shi kuwa ya yi wata biyu a kwance. Idon dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu inuwa kawai yake gani. Yatsun hannun dama suka ƙanƙance, ba ya iya riƙe cokali balle sifana. Kafin a sallame shi labari ya gama gari. Duk wanda ya taɓa kai masa mota da ciwon zafi ya ruga wani gareji a duba masa, aka yi ta zaro baƙin salatif daga mota bayan mota. Mutane suka daina ambaton garejin sai da tsaki. Mai filin da rumfar take kai ya ce a kwashe kaya. Aka sauke allon da ke ɗauke da sunan uban, sunan da bai taɓa cutar kowa ba, aka jingina shi a bayan gida fuskarsa na kallon bango.

Ranar da ake janye kabad, sai ga gasket ya faɗo, sabo fil a ledarsa. Matarsa ta kawo masa gida, ta ce ga wani abu da takarda a jiki. Ya ce ta karanta masa, tunda shi ba ya gani. Rubutun dattijon ne, ƙanana-ƙanana, irin na mai agogo: "Motar uwargida. Ciwo: zafi. Mai gyara: ɗan aminina. Babu buƙatar dubawa." Ya sa ta maimaita.

Sau ɗaya dattijon ya zo duba shi, bayan rasuwar. Ya zauna a bakin tabarma, bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, da ka ce mini ba ka da lokaci, da na kai wani wuri. Shi ke nan abin da nake nema a wurinka."

Nan-take ya fashe da kuka, ya lalubo ƙafar dattijon ya riƙe, yana roƙon gafara. Dattijon ya ce, "Nawa na yafe, saboda ubanka. Nata kuwa ba ni da ikon yafewa. Ban gaya mata abin da ka yi ba, ban iya ba. Har ranar da ta cika tana tambayata ko idon ɗanta ya buɗe."

Yana nan yanzu a ƙofar gida, a kan benci. Matarsa ce ke ɗinki tana ciyar da su. Ba wanda ke kiransa Nan-take. In mota ta wuce yakan karkata kai, ya ce wannan famfon ruwanta ya kusa tafiya, waccan fankarta ba ta juyawa, kuma daidai yake faɗa. Ilimin yana nan, amma ba mai tambayarsa. Bargon nan mai ruwan toka yana kan cinyarsa ko da zafi ake yi. Dattijon bai karɓa ba, shi kuma ya rasa wanda zai mayar wa.

Ya 'yan uwa, kada ku fita daga nan kuna cewa Allah wadan bakanikai. Akwai bakanikai na gari, uban mutumin nan ma bakanike ne. Ku dubi kanku. Kai magini da ka ga bango ya tsage ka shafe shi da filasta, ba ɗaure allura ka yi ba? Ke mai sayar da magani da kika goge kwanan watan da ke jikin kwalba fa? Kai malamin makaranta da ka ba yaro makin da bai ci ba don kada ubansa ya zo ya dame ka? Duk wanda aka ba shi amanar ya duba ciwo, ya rufe alamar ya bar ciwon, sana'arsu ɗaya da mutumin nan.

Kuma ku sani, kowannenmu Allah ya sa masa allura a ƙirji. Ita ce faɗuwar gaban da kake ji in ka yi ƙarya. Ita ce ke hana ka barci in ka ci hakkin wani. In ta motsa, rahama ce, tsayawa ake yi a duba. Amma akwai masu ɗaure ta. Yau su ce kowa ma haka yake yi, gobe su ce zan gyara daga baya, har ta tsaya cak, su yi ha'inci su yi rantsuwa su kwanta su yi minshari. Wanda ya kai nan kada ya ɗauka lafiya ya samu. Ciki yana tafasa, labari ne ya daina zuwa masa. In kuma kana son ka gane, dubi na kusa da kai. In waɗanda suka dogara da kai sun fara jin sanyi a wurinka, iyayenka, matarka, maƙwabcinka, wanda ya yarda da kai bai duba ba, to ruwa ya yi ƙasa. Tsaya tun murfi yana rufe.

In akwai wanda a cikinmu ya ɓoye wani abu a bayan kabad, ya je ya zaro shi yau, tun mai hakkin yana da rai, tun ana iya ce masa yi haƙuri ya ji. Kunyar awa ɗaya ce. Mutumin nan ya guje ta, ya sayi ta har ƙarshen rayuwa, ta lahira kuma tana gaba in Allah bai yafe ba.

Ya Allah, kada ka bar zukatanmu su daina motsi. Ka ba mu ƙarfin cewa ban iya ba, ban gama ba, na yi kuskure. Ka jiƙan baiwarka da ta ba da bargonta, ka ba mijinta haƙuri, shi kuma wancan ka karɓi tubansa in ya tuba. Ka tsare hannayenmu daga cin amana, ka tsare harsunanmu daga rantsuwar ƙarya. Allah ya kiyaye mu, mu da zuriyarmu baki ɗaya. Amin.